Jitar Almu a Rabon Gado

Ranar da aka zauna rabon gadon mijina, abu guda nike so a cikin kayan nan duka, jitarshi. Ba bijimin noma ba, ba keke ba, ba dawar da ke cikin rumbu ba. Sunanshi Almu, Allah shi jiƙan shi. Yana raye ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, Malam nike ce mashi, amma tunda labari nike ba ku dole in faɗa. Ni kuma Barakatu, ɗiyar Sabuwa, aure ya kawo ni Ketare. Allah bai ba mu haihuwa ba. Saboda haka tun ina cikin takaba na san zamana a gidan ya ƙare, Sabuwa zan koma wurin yayana, kuma abin da malam ya yanka mani ranar nan shi kaɗai zan ɗora a mota.

Jitar kau tana da tarihi. Yana saurayi Almu ya gudu Kaduna, ya faɗa cikin wasu makaɗan otal, 'yan kudu da mutanen Gana, masu kiɗa da kayan lantarki. Nan ya koya, nan hannunshi ya faɗa. Da ƙasa ta rikice gab da yaƙin basasa ƙungiyar ta watse, kowa ya kama hanyar garinsu, ubangidan nasu ya bar mashi jitar don ba ya iya gudu da ita. Almu ya dawo gida ya ɗauki garma, aka yi mamu aure. To, gidansu gidan manoma ne, ga malamai a dangin, kiɗa a wurinsu abin kunya ne sai ka ce mutum ya yi sata. Don haka ba ya fiddo ta sai in ana ruwan sama. Da an fara zubawa, kowa ya shige ɗakinshi, sai ya jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ya zauna yana kaɗawa a hankali, ni ina gefe ina kaɗin zare ko ina tsinkar zogale. Kusan damina goma muka yi a haka. Ku gaya mani, in ba ita ba me zan ɗauka daga gidan nan?

Shekarar Udoji ce aka yi rabon, shekarar da gwamnati ta zuba ma ma'aikata kuɗi kowa ya haukace da sayen sabon abu. Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, aka fiddo kayan mamacin aka jera: riguna, rediyo, keke, garemani, da akwatin jitar can gefe. An ɗaure bijimin da awaki a turke. Maza suna zaune kan tabarmi, mu mata muna bayan zana a ƙofar ɗakina, ni da yayata Mero da ta zo daga Sabuwa don ta tafi da ni.

Malam Lawwali, limamin unguwarmu, shi ke rabon. Ya yi addu'a, sannan ya yi bayani kowa na ji. Tunda babu ɗa babu jika, matar mamaci tana da kashi ɗaya cikin huɗu, saura na 'yan'uwanshi ne, wato wanshi Alhaji Rabo da ƙanenshi Bilya. Gona ta gandu ce, ba ta shiga. Kowane abu za a yi mashi kuɗi, a haɗa, sannan kowa ya ɗauki kaya daidai rabonshi. Dillali ya yi ma dabbobi kuɗi, tela ya yi ma riguna. Da aka zo kan akwatin, Alhaji Rabo ya yamutsa fuska ya nuna shi da ƙafa.

"Wannan tarkacen a bar ma Barakatu, Malam. Ba sai an yi mashi kuɗi ba. Ni ko a zaurena ba ni son ganin shi."

Wallahi ban taɓa jin zagin da ya yi mani daɗi kamar wannan ba. Na damƙe hannun Mero, har na fara hamdala a zuci. Sai Bilya ya yi gyaran murya.

Bilya a masaƙa yake aiki a Kaduna. Ya zo mamu da wando mai faɗin ƙafa da ke share mamu tsakar gida kyauta, da takalmi mai tudu, ga suma ya tara. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, amma yana da kunne wajen kuɗi.

"A'a Yaya, a dakata," in ji shi. "A Kaduna na ji ana cewa tsofaffin jitar nan akwai masu neman su ido rufe. Kar mu yar da dukiya muna kallo. Na aika Faskari a kira wanda ya san kan abin, yana hanya."

Malam Lawwali ya shafa gemu. Ya ce shi dai da son samu ne da kayan kiɗa bai shiga cikin gado ba, amma tunda abu ne da ake saye ake sayarwa, to dukiya ce, kuma gado ba a raba shi da kintace. A jira mutumin Faskari. Ni kau ji na yi kamar in fita in shaƙe Bilya da ƙafar wandon nan nashi.

Ba a jima ba muka ji babur a ƙofar gida. Mutumin ya yi sallama ya shigo, siriri, baƙi, da tabarau mai kauri an ɗaure ƙafarshi guda da waya. Malam Zailani ke nan, mai gyaran rediyo a kasuwar Faskari. Mero ta san labarinshi, ta raɗa mani cewa mutane suna yi mashi kallon mai taɓin hankali. Wai duk abin da ya samu a gyaran rediyo a tsofaffin jita yake ƙarewa. Yana bin otal-otal na Zariya da Jos da Sabon Garin Kano, inda makaɗa suka sayi sababbi masu walƙiya suka jingine tsofaffin, shi kuma yana kwashewa. Ya cika bangon ɗaki da su har matarshi ta rasa inda za ta yi jeren kwanoninta. In ka kai mashi sabuwa ko kallonta ba ya yi.

Ya durƙusa ya yi ma mazan ta'aziyya, ya juyo wajen zana ya yi mamu, muka amsa. Sannan ya koma waje ya shigo da batirin mota a kafaɗa da wata 'yar lasifika a hannu, ya aje. Ya ce a ba shi ruwa da sabulu. Muka ɗauka ƙurar hanya zai wanke, ashe hannu zai wanke kafin ya taɓa jitar. Ya wanke har gwiwar hannu, ya goge da hularshi, ya zauna gaban akwatin ya ɓalle maɓallan.

Da murfin ya buɗe sai mutumin nan ya ƙura ma jitar ido. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ni kau ina leƙen shi ta ramin zana.

"La haula," ya ce a hankali. "A Ketare? A ƙarƙashin gado?"

Ya ɗago ta da hannu biyu. Launinta ruwan zuma ne a tsakiya, yana duhu yana duhu har ya koma baƙi a gefe. Bayanta a rufe yake da jar fatar akuya, an ɗaure da igiyoyin fata a gefe da gefe. Malam Zailani ya fara aikinshi, mu kuma muka saki baki. Ya sa hanci ya shinshina katakon. Ya ɗaga ta ya rufe ido guda yana duban tsawon wuyanta, kamar maharbi na duban bakin bindiga. Ya ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa ya kara kunne. Ya bi ƙarafan nan uku da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya yana shafawa, ya ce su ke ɗaukar sauti su kai ma lasifika, kuma waɗannan na asali ne, ba a taɓa canza ko guda ba. Har ƙananan kusoshin ya bi ya duba kansu. Inda fenti ya koɗe a gefen sama, wurin da hannun mai kiɗa ke gogawa, ya shafa wurin yana murmushi. Bilya ya ce ai nan ta lalace. Malam Zailani ya harare shi ya ce wannan koɗewar ita ce shaidar shekarunta, masu nema ita suke fara dubawa.

Sai ya haɗa wayoyi da batirin, ya soka wayar lasifikar a jikin jitar, ya murɗa kunnuwanta yana gyara tsirkiya. Ya ɗora ta a cinya ya zuba mata yatsu.

Innalillahi! Awaki suka zabura har ɗaya ta tsinke igiya. Kaji suka watse. Malam Lawwali ya dafe rawani. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga. Ni kau na zauna daɓas a ƙasa. Ku gane, Ketare babu lantarki, kuma Almu bai da lasifika. Duk shekarun nan abin da nike ji ɗan siririn sauti ne, ƙasa-ƙasa, wanda sai na matso kusa nike kama shi. Na ɗauka iyakar muryarta ke nan. Ashe wannan ce muryar da ya bari a Kaduna, mai kauri, mai zurfi, tana shiga ƙirjin mutum tana zama. Ashe haka mijina yake jin ta a kanshi duk lokacin da yake kaɗa mani. Na yi kuka, kukan da ko ranar mutuwar ban yi irin shi ba. Mero tana ta bubbuga mani baya tana cewa in yi haƙuri.

Malam Zailani ya tsaya, ya share zufa.

"Jama'a, ƙirar Amurka ce, tun kafin a ba mu mulkin kai. Na shekara da shekaru ina yawo, irin wannan sau ɗaya na taɓa gani, a hannun wani a Jos, ko taɓawa bai bari na yi ba. Saura in duba lambarta, tana baya. In lambar ta dace da abin da nike zato, to duk abin da ke kan tabarmin nan, ku haɗa da bijimin can, bai kai kuɗinta ba. Akwai masu zuwa daga Ikko su saya su kai ƙasar waje."

Alhaji Rabo, wanda ɗazu ya nuna ta da ƙafa, ya gyara zama ya matso. Bilya sai washe baki yake. Malam Lawwali ya ce in haka ne, ta fi ƙarfin rabon mutum guda, sai dai a sayar a raba kuɗin. Ba sai an yi mani lissafi ba. Kashi ɗaya cikin huɗu ba zai ɗauke ta ba, ko da na bar masu komai har zanen da ke jikina. Ta tafi ke nan, wani bature zai rataye ta a bangonshi. A zuciyata na ce Allah ya isa tsakanina da babur ɗin da ya kawo mutumin nan.

Ya kifa ta a cinyarshi, ya fara kwance igiyoyin fatar da ke bayanta. Ya ɗaga fatar. Sai ya yi wata ƙara kamar an taka mashi ƙafa.

"Wayyo Allah! Wa ya yi wannan? Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Bayan jitar babu fenti ko ɗigo. An kankare shi tas har farin katako, an bi shi da zanen wuta tun daga sama har ƙasa: sarƙa a gefe, idon zabo a ciki, ga wata babbar tauraruwa a tsakiya da ƙananan 'ya'yanta kewaye da ita. Har jikin ɗan ƙarfen da lambar take an goge shi da yashi ya yi fes, babu lamba babu alamarta.

Ɗanyen aiki? Ban san lokacin da na miƙe na ture zanar ba.

"Ni ce na yi! Ɗanyen aiki a ina, Malam? Buɗe idonka da kyau!"

Bari in gaya maku yadda aka yi. Uwata Bafillatana ce, kuma a duk rugagen da ke kewayen Sabuwa babu macen da ta kai ta zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. A hannunta na koya. A wurinmu, abin da kike ƙauna ba ki barin shi tsirara. Ƙwaryar nono, ludayi, faifai, kujerar tsugunno, duk sai an yi masu ado. Ina amarya, ran nan Almu ya tafi kai auduga Ƙanƙara, na jawo akwatin don in share ƙura. Na juya jitar na ga bayanta duk ya kakkarce, fenti ya ɓamɓare wuri-wuri saboda gugar bel ɗin wando. Kunya ta kama ni. A ce abin da mijina ya fi so a duniya yana cikin wannan hali, alhali yana da mata mai hannu? Na kankare sauran fentin, na goge da yashi mai laushi, na hura gawayi na jera wuƙaƙena. Yini guda cur na yi a kanta, ko girki ban yi ba. Har yau ban yi zanen da ya kai wannan kyau ba. Da ya dawo na miƙa mashi ina jiran yabo. Ya duba, ya duba, bai ce mani uffan ba. Bayan kwana biyu sai na ga ya je wurin baduku an ɗinko mashi fata ya rufe aikina ruf. Abin ya ci mani rai ƙwarai. Na rantse ba zan ƙara taɓa ta ba, kuma ban ƙara ba. Ina sauraren kiɗanta, amma hannuna da ita sai kallo.

To yanzu ga wani baƙo ya zo har gida, gaban mutane, yana kiran aikin nan ɗanye.

"Baiwar Allah," in ji Malam Zailani, kamar zai yi kuka, "kin san abin da kika yi? Kin kankare fentin asali! Kin goge lamba! Fentin nan da kika raina, shi ake saye!"

"Fentin da ya ɓamɓare? Shi ake saye? To lalle masu sayen ba su da ido. Ka je Sabuwa ka tambaya, ƙwaryar da na zana ninki biyu ake sayenta a kan wadda ba a zana ba. In ma kuɗi ne, ai ƙara mata na yi!"

Mero ta kama mani zane ta baya tana ja. Ban kula ta ba.

"Dubi sarƙar nan, ka ga inda ta karkace? Dubi idon zabon nan, guda nawa ne ya fi wani girma? Ka ce a ƙara kuɗi, ba a rage ba!"

Sai Mero ta kai mani wani mintsini a cinya, irin wanda rabona da shi tun muna yara. Ta jawo ni bayan zana da ƙarfi, ta sa baki a kunnena.

"Ke wace irin sakarya ce? Mutum yana karya ma jitar kuɗi, ke kina ɗagawa? So kike a kai ta Ikko? Rufe mani baki, don ubanki!"

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Na toshe bakina da gefen mayafi. Amma Allah ya sani, zuciyata ba ta daina tafasa ba.

Bilya duk ya rikice. Ya ce to ai da sauƙi, a kai ta Funtua wurin masu fentin mota su shafe bayan, wa zai sani? Malam Zailani ya ce masu sayen irin wannan da hanci suke gane sabon fenti, kuma ko an shafe, ramin zanen yana nan, lamba kuma ba ta dawowa. Ya ƙara da cewa shi ba za a haɗa baki da shi a rufi wani ba.

Malam Lawwali ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Malam Zailani, wannan gado ne, haƙƙin mutane ne. Tsakaninka da Allah, yadda take ɗin nan, nawa za ta yi?"

Mutumin ya daɗe yana kallon jitar.

"Tsakanina da Allah, Malam, a wurin masu tara irin waɗannan ta mutu. Ba mai zuwa daga Ikko saboda ita. Muryarta tana nan, don haka makaɗin otal zai iya saye ya yi aiki da ita, amma su ma yanzu sabuwa suke so. In an samu mai saye, ba za ta wuce kuɗin awaki uku ba. Ban rage ba, ban ƙara ba."

Bilya ya yi tsalle ya miƙe. "Ka ji shi ko! Ya karya ta don ya saye da araha! Dama na ji an ce haka dillalai suke!"

Malam Zailani ya cire tabarau ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni ba dillali ba ne, kuma ba zan saya ba. Ko kyauta kuka ba ni ba zan karɓa ba. Wanda aka kira ya yi ma kaya kuɗi a gado ba ya saye, in ya saya maganarshi ta zama banza. Ka ɗauke ta ka kai Kaduna, ka kai Ikko in kana da kuɗin mota. In wani ya ba ka fiye da abin da na faɗa, ka zo Faskari ka tofa mani yawu a fuska."

Bilya ya koma ya zauna yana ƙunƙuni. Alhaji Rabo ya ja tsaki ya ce shi dama tun farko ya faɗa, tarkace ne. Malam Lawwali ya yi lissafinshi a ƙasa da yatsa, ya ɗago ya ce rabona ya kama awaki ukun nan da ɗan abin da ba a rasa ba na dawa. Ya juyo wajen zana.

"Barakatu, awakin ko jitar? Ki yi tunani, awaki suna haihuwa."

"Me za ki ci a Sabuwa?" Mero ta raɗa mani. "Katako?"

Ita da ta mintsine ni ɗazu don kar a tafi da jitar, yanzu kuma ta tuna da ciki. Na ce mata ta bar ni. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Allah shi gafarta Malam, a ba ni jitar. Su riƙe awakin, Allah shi sa masu albarka."

Malam ya tambayi Alhaji Rabo, ya ce ya yarda. Ya tambayi Bilya, ya ɗaga kafaɗa ya ce a ba ta. Aka shafa fatiha. Na jingina da bango na rufe ido, ban iya cewa komai ba sai Alhamdulillahi, ina ta maimaitawa.

Da aka watse, Malam Zailani yana zaure yana naɗe wayoyinshi. Baƙo baƙo ne ko ya zage ka, don haka na dama fura na sa a ƙwarya, Mero ta raka ni muka kai mashi. Na aje a gabanshi ban dube shi ba. Jitar tana kife a kan akwatinta, fatar tana gefe, bai mayar ba tukuna.

"Baiwar Allah," ya ce, "ki yi haƙuri da abin da na faɗa ɗazu. Zafin abin ne ya kwashe ni."

"Ba komai," na ce, a daƙile. "Ba kai ka fara ba. Mai jitar ma kunyar aikin ya ji, shi ya sa ya rufe shi da fata."

Ya ɗago kai ya dube ni. "Wa ya ce maki kunya ya ji?"

"Ba sai an ce mani ba. Ina da ido."

Ya girgiza kai, ya ɗauko fatar ya juya cikinta.

"Ni ban san marigayi ba. Amma aikina ke nan, in dubi abu in faɗi yadda aka riƙe shi. Zo ki gani. Cikin fatar nan an shimfiɗa auduga an ɗinke da ƙyalle mai laushi. Mai ɓoye abin kunya ba ya wannan wahalar, sai mai tsoron kar bel ya karce mashi abu. Dubi ramukan igiyar kuma. Abin da aka ɗaure sau ɗaya aka manta, raminshi ƙarami ne. Waɗannan duk sun buɗe sun yi baki, igiyoyin ma ba tsararrakin juna ba ne, an sha canza su. Fatar nan an kwance ta an ɗaure ba iyaka."

Na matso na duba ramukan. Mero ma ta leƙo ta bayana.

Ya jawo jitar kusa da hasken ƙofa, ya karkata ta.

"Katakon nan kuma an sha shafa mashi mai, shi ya sa bai tsage ba duk zafin ƙasar nan. Sannan ga wannan."

Ya nuna tauraruwar da ke tsakiya. Na durƙusa na duba. Ko'ina zanena yana nan da kaifinshi yadda na bar shi, baƙi wuluk. Amma a tsakiyar tauraruwar layukan sun dushe, wurin ya yi santsi yana sheƙi, har ya ɗan lotsa.

"Wannan ba gugar ciki ba ce, ba ta bel ba ce," in ji shi. "Babban yatsa ne. Kafin yatsa ya cinye katako irin wannan, sai an yi shekaru ana shafa wuri guda."

Na tsaya ina kallon wurin. Rantsuwata ta zo mani a rai, na ce Allah shi yafe mani, zan yi kaffara. Na miƙa hannu na ɗora babban yatsana a cikin ɗan lotsawar. Ya zauna daram, amma bai cika gurbin ba, da saura ta kowane gefe. Yatsan Almu ya fi nawa faɗi.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a durƙushe ba. Daga baya na ɗago kai na ce, "Malam, na gode. Wallahi na gode. Allah shi saka maka da alheri, shi jiƙan mahaifanka." Ɗazun nan na gama ja ma babur ɗinshi Allah ya isa, yanzu ga ni ina yi mashi addu'a hawaye na zuba a kan katakon.

Ya sa gefen rigarshi da sauri ya goge inda hawayen ya ɗiga, ya ce in yi hankali, ruwa ba ya shiri da ita. Sannan ya miƙo mani fatar ya ce in ɗaure da kaina.